Gasar insha'in Anthem: ɗalibai, alƙalai da kalmar "ni"

Kowace shekara dubban ɗaliban sakandare, akasarinsu a Amurka da Kanada, kan zauna su rubuta insha'i a kan wani ɗan ƙaramin ƙagaggen labari mai suna Anthem na marubuciya Ayn Rand, su aika wa Cibiyar Ayn Rand da aka kafa a jihar Kalifoniya, da fatan sunansu zai fito cikin waɗanda za a bai wa kyautar kuɗi. Littafin gajere ne ƙwarai, babi 12 ne kacal, kuma mai saurin karatu zai iya gama shi a zama guda. Labarin wani saurayi ne da ya taso cikin al'ummar da ta shafe kalmar "ni" daga harshenta, ta yadda duk wanda zai yi magana a kan kansa sai dai ya ce "mu". An daɗe ana yin gasar, ƙa'idojinta a rubuce suke, ba a biyan kuɗin shiga, masu shirya ta kuma ba su taɓa ɓoye manufarsu ba. Duk da haka akwai wani ƙulli a tsakiyarta da ya sa ta cancanci a zauna a yi mata nazari. Littafin yana koya wa matashi kada ya miƙa hukuncin hankalinsa ga kowace majalisa, gasar kuwa tana neman wannan matashin ya rubuta abin da ya fahimta ya miƙa wa majalisar alƙalai, alƙalan da cibiyar yaɗa aƙidar marubuciyar ce ta naɗa su.

Ba a gane littafin sosai sai an san inda mai shi ta fito. An haifi Alisa Rosenbaum a birnin St. Petersburg na Rasha a 1905, a gidan Yahudawa masu rufin asiri, inda mahaifinta yake da kantin magani. Tana da shekara 12 aka yi juyin juya halin 1917, kuma ba a jima ba 'yan gurguzu na Bolshebik suka ƙwace kantin suka mayar da shi mallakar gwamnati. Iyalin suka yi ƙaura zuwa Kirimiya, suka dawo a 1921 suka tarar da yunwa da ƙarancin komai, ita kuma ta shiga jami'ar birnin ta karanta tarihi ta kammala a 1924. A ƙarshen 1925 ta sami izinin ziyartar 'yan'uwa a Shikago, ta bar Tarayyar Sobiyet a farkon 1926 tana dab da cika shekara 21, ba ta sake taka ƙasar ba har ta mutu a 1982. Da sunan Ayn Rand aka san ta a Amurka, inda ta fara da ƙananan ayyuka a masana'antar fim ta Hollywood kafin ta zama 'yar ƙasa a 1931. Abin da idonta ya gani tana yarinya bai taɓa barinta ba. Duk inda ta ji ana kiran "amfanin jama'a" sai ta hango hannun da zai fara da ƙwace dukiyar mutum ya ƙare da ƙwace tunaninsa.

Ta rubuta Anthem a 1937, a lokacin da ta ɗan ajiye shirin babban littafinta The Fountainhead don ta huta. Kamfanonin ɗab'i na Amurka ba su karɓe shi ba, ciki har da Macmillan wanda ya buga littafinta na farko a 1936, don haka a Landan ya fara fitowa, a hannun kamfanin Cassell, a 1938. Sai da The Fountainhead ya fito a 1943 ya yi kasuwa sannan wata ƙaramar maɗaba'a ta masu ra'ayin 'yancin kasuwa, wadda Leonard Read yake cikin masu ita, ta buga Anthem a Amurka a 1946, bayan marubuciyar ta yi masa gyare-gyare masu yawa a salon harshe. Akwai wani ƙaramin al'amari na doka da ya taimaki littafin fiye da yadda ake zato: ba a sabunta haƙƙin mallakarsa a Amurka ba kamar yadda dokar wancan zamani ta tanada, saboda haka ya zama na kowa a can, ana samunsa kyauta a intanet. Littafin da ya fi kowane kare mallakar mutum ɗaya cikin ayyukanta shi ne ya kuɓuce ya zama mallakar jama'a.

Jarumin labarin sunansa Equality 7-2521, wato Daidaito haɗe da lamba, domin a wannan duniya ba a raɗa wa kowa sunan kansa, sai sunan wata aƙidar taro da lambar rajista. Ana raba jarirai da iyayensu tun daga haihuwa, a rene su a gidan gwamnati har shekara 5, a kai su gidan ɗalibai har shekara 15, daga nan Majalisar Sana'o'i ta yanka wa kowa aikin da zai yi har ya kai shekara 40, lokacin da za a tura shi gidan da ake kira na marasa amfani ya jira mutuwa. Fifita wani aboki a kan wani laifi ne, kaɗaita laifi ne, rubuta abin da ba a umarce ka ba laifi ne. Saurayin ya so a kai shi gidan masana, sai aka ce masa mai sharar titi zai zama. Wata rana ya gano wani rami da ke gangarawa zuwa tsohuwar hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, saura daga zamanin da aka haramta ambatonsa, ya mayar da wurin ɗakin bincikensa. Shekara biyu yana sulalewa can kowane dare a cikin awa ukun da ake tara masu shara a gidan wasan kwaikwayo, yana karanta takardun da ya sato a hasken kyandir ɗin da shi ma satowa ya yi. Yana cikin feɗe mataccen kwaɗo da ya rataye a wayar tagulla ya ga ƙafarsa ta motsa da wuƙar ƙarfe ta taɓa ta, daga nan ya bi sawu har ya sake gano lantarki, ya haɗa akwatin gilashi mai ba da haske.

Wurin da ya fi kowane tsayawa a ran mai karatu, kuma wanda insha'o'in gasar suka fi komawa gare shi, shi ne ranar da ya kai akwatin gaban Majalisar Masana ta Duniya. Ya shigo da riga a yage, da shatin bulala a bayansa, domin daga gidan horo ya tsere, gidan da makullansa suka tsufa kuma babu mai gadi, tunda ba a taɓa samun wanda ya yi tunanin gudu ba. Masanan suna zaune kewaye da dogon tebur, a bango kuma an rataye hoton mutum ashirin da ake girmamawa saboda su ne suka ƙirƙiro kyandir. Ya ajiye akwatin, ya haɗa wayoyin, wayar ta fara ja a hankali har ta haska. Masanan suka zabura suka taru a jikin bango suna matse juna. Da suka dawo hayyacinsu babu wanda ya tambayi yadda abin yake aiki. Ɗaya ya ce abin da ba a yi shi a taro ba ba zai zama alheri ba, wani ya ce wannan zai rusa Ma'aikatar Kyandir, wani ya tuna musu cewa sai da aka shekara 50 kafin dukkan majalisu su amince da kyandir ɗin kansa, don haka ba za a sake rikita tsare-tsare da wuri haka ba. Suka yanke cewa a farfasa akwatin. Saurayin ya rungume abinsa, ya naushi gilashin taga, ya dira ya nufi dajin da ba a shiga.

A dajin ne ya fara ganin fuskarsa a ruwan ƙorama. Yarinyar da yake so a ɓoye, Liberty 5-3000, wadda ke aikin gona, ta biyo sawunsa ita kaɗai. Suka iske wani tsohon gida a kan duwatsu cike da littattafai, kuma a cikinsu ne ya ci karo da kalmar da ya daɗe yana laluba. Daga babi na 11 harshen labarin ya juya daga "mu" zuwa "ni", ya raɗa wa kansa suna Prometheus, wanda a tatsuniyar Girkawa ya kawo wa mutane wuta aka azabtar da shi, ya raɗa wa yarinyar Gaea, sunan uwar ƙasa a wannan tatsuniya. Ga mai karanta Ingilishi, dabarar wakilin sunan nan ita ce ke riƙe da littafin gaba ɗaya, domin jin mutum ɗaya yana cewa "mu" a kan jikinsa da tsawonsa da yunwarsa abu ne mai tayar da tsikar jiki. Wanda zai fassara shi zuwa Hausa zai ɗan sha wuya a nan, tunda a harshenmu mutum ɗaya yakan ce "mun gode" ko "mun ji" don girma ko don kunya, ba tare da kowa ya ji wani baƙon abu ba.

Cibiyar Ayn Rand ta kafu a 1985, shekara uku bayan mutuwar marubuciyar, a ƙarƙashin jagorancin Leonard Peikoff, almajirinta kuma magajin ayyukanta. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, da gudummawar masu hannu da shuni da magoya baya take gudana, kuma aikinta a fili yake: yaɗa falsafar da Rand ta kira Objectivism, wadda ginshiƙanta su ne cewa duniya tana nan yadda take ko mutum ya so ko ya ƙi, hankali ne kaɗai hanyar sani, neman amfanin kai bisa hankali shi ne ɗabi'a ta gari, jari-hujja maras katsalandan kuma shi ne tsarin da ya dace. Gasar insha'i tana cikin ayyukan farko da cibiyar ta fara da su, a kan The Fountainhead, daga baya aka ƙara ta Anthem da ta Atlas Shrugged, littafinta na 1957. An jera su kamar matakala. Anthem na ƙananan ɗalibai ne, shekaru da yawa na 'yan aji 8 da 9 da 10, kafin a faɗaɗa shi zuwa aji 12, wato matasa daga wajen shekara 13 zuwa 18. The Fountainhead ya daɗe yana na manyan azuzuwan sakandare, Atlas Shrugged kuma ya haɗa har da 'yan jami'a. A gasar Anthem ana ba da tambayoyi uku ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ya rubuta da Ingilishi kalmomi tsakanin 600 da 1,200. Kyautar farko ta daɗe tana dala 2,000, ta The Fountainhead kuma ta daɗe tana dala 10,000, sannan akwai jerin ƙananan kyaututtuka ga waɗanda suka kai zagaye na kusa da ƙarshe. Adadin kuɗin da rabon azuzuwan kan canza daga lokaci zuwa lokaci, amma fasalin bai canza ba.

Wanda ya san tsadar karatun jami'a a Amurka, inda shekara ɗaya a jami'a mai zaman kanta kan ci dubban daloli goma-goma, ya san dala 2,000 ba ta biya wa kowa karatu. Amfaninta ga ɗalibi shi ne layi ɗaya a takardar neman shiga jami'a da ke nuna ya taɓa yin fice a gasar ƙasa da ƙasa. Amfaninta ga cibiyar ya fi haka nesa ba kusa ba. Da kuɗin da bai taka kara ya karya ba tana samun abin da talla ba ta iya saye, wato dubban matasa su karanta littafin da alƙalami a hannu, su koma baya su nemo hujja, su yi kwanaki suna juya maganar a ransu. Mai cin kyautar farko ɗaya ne, masu karatun dubbai ne, kuma su ne ribar. Tun 2002 cibiyar ta ƙara wa wannan tsari ƙafa ta biyu, inda take aika wa malaman sakandare kwafin littattafan kyauta, isassun aji guda, tare da jagorar koyarwa, muddin malamin ya nema kuma ya yi niyyar koyar da su. Ta wannan hanya miliyoyin kwafi sun shiga makarantu. Ga malamar adabi a makarantar gwamnati da ke fama da ƙarancin kasafi, wadda littattafan ajinta suka yayyage, kwali cike da sababbin littattafai da tambayoyin tattaunawa da gasa mai wa'adi a ƙarshe abu ne mai wuyar ƙi. Ba sai ta yarda da Rand ba. Littafin gajere ne, harshensa mai sauƙi ne, kuma yana zama daram a cikin darasin labaran mugun zamani mai zuwa, kusa da littafin Aldous Huxley na 1932 da na George Orwell na 1949.

Tambayoyin gasar sun cancanci a dube su da kyau, domin a nan ne ake ganin gwaninta da kuma iyakar abin. An taɓa tambayar dalilin da ya sa Majalisar Sana'o'i ta mai da jarumin mai sharar titi, ko kuskure ne, ko rashin iya aiki, ko kuwa wata muguwar niyya. An tambayi abin da ya sa duniyar Anthem ta koma zamanin kyandir alhali sauran labarai irinsa suna nuna gwamnatin kama-karya mai na'urori na zamani, da abin da hakan ke nunawa game da sharuɗɗan ci gaban ilimi. An tambayi ainihin abin da ya motsa jarumin ya yi bincikensa, tunda ba amfanin jama'a ne ya sa shi gaba ba, da ko ɗalibi yana ganin ya yi daidai. Tambayoyi ne masu kyau ta fuskar koyarwa, domin ba a amsa su da taƙaita labari, dole sai an kafa hujja. Ta biyun ma ta taɓo wurin da Rand ta bambanta da takwarorinta da gaske. Yevgeny Zamyatin, ɗan ƙasarta da ya rubuta wani littafi mai ma'anar "Mu" a farkon shekarun 1920, shi ma ya ba mutanensa lambobi a madadin suna, amma gwamnatinsa tana ƙera jirgin sararin samaniya. Rand ta ce hakan ba zai yiwu ba, domin inda aka hana mutum ɗaya tunani da kansa ilimin ma rushewa zai yi. Sai dai mai lura zai ga cewa kowace tambaya tana tsaye ne a cikin gidan da marubuciyar ta gina, kuma amsar da ta fi sauƙin karewa da ayoyin littafin ita ce wadda marubuciyar ta shirya tun farko.

Ƙa'idar hukunci ta ƙunshi abu biyu da ba koyaushe suke tafiya tare ba. Cibiyar tana cewa ana auna insha'i ne da yadda ɗalibi ya iya kare ra'ayinsa, ba da ko ta yarda da ra'ayin ba, kuma ana neman rubutu mai tsabta da tsari. A gefe guda kuma tana cewa insha'in da zai yi nasara dole ya nuna cikakkiyar fahimtar ma'anar falsafar littafin. A takarda babu saɓani, tunda mutum yana iya fahimtar magana sarai ya kuma ƙi ta. A aikace kuwa tambayar ita ce wane ne zai tantance cewa ɗalibi ya fahimta. Tarihin wannan gida yana da abin cewa a nan. A shekarun 1950 Rand tana da da'irar almajirai da ke taruwa a gidanta, waɗanda don raha suka raɗa wa kansu suna mai ma'anar "Taron Gama-kai", cikinsu har da Alan Greenspan, wanda ya shugabanci babban bankin Amurka daga 1987 zuwa 2006. Rahar ta so ta zama gaskiya, domin da'irar ta yi suna wajen korar wanda ya kauce, kuma rabuwar Rand da babban almajirinta Nathaniel Branden a 1968 ta raba mabiyan gida biyu. A 1989 Peikoff ya rubuta cewa falsafar Rand rufaffen tsari ce, ba a ƙara mata ba a rage mata, yana mayar da martani ga David Kelley wanda ya ce a buɗe take ga gyara. Kelley ya fita ya kafa tasa cibiyar a 1990. Cibiyar da ta tsaya a kan cewa aƙidarta kammalalliya ce tana iya yin adalci ga ɗalibin da ya saɓa mata, amma nauyin da ke kanta na rarrabe saɓani da rashin fahimta ya fi na kowane alƙali.

A ɗauki misalin ɗaliba 'yar shekara 14 a aji 9, wadda malaminsu ya raba musu littafin daga cikin irin wannan kwali ya kuma ce kowa zai rubuta insha'in gasar a matsayin aikin aji. Ta zaɓi tambayar mai sharar titi. Rubutunta na farko labarin kawai ta maimaita, malamin ya ja layi a gefe ya tambaye ta ina hujjarta. Ta koma babin farko tana bin sa jimla-jimla, sai ta fara ganin abin da ta tsallake: malaman jarumin sun sha ɗaure masa fuska saboda ya fi sa'o'insa tsawo, sun gaya masa akwai mugunta a ƙashinsa, an fi yi masa bulala fiye da kowa, ya ma yi ƙoƙarin mantar da darasi don ya zama kamar wani abokin karatunsa mai rauni amma ya kasa. Ta gane ashe majalisar ta san ko wane ne shi, da gangan ta ba shi tsintsiya. A wannan gaɓa gasar ta yi aikinta, domin yarinyar ta koyi bambancin faɗin ra'ayi da kafa shi a kan shaida, kuma wannan darasi zai bi ta ko'ina.

Sai dai ta ci gaba da karatu har ƙarshe, wani abu ya tsaya mata a rai. Ta lura cewa jarumin shi ya zaɓa wa kansa suna, sannan shi ya zaɓa wa yarinyar nata. Ta lura cewa da suka shiga gidan, shi ya nufi littattafai, ita kuwa aka bar ta tsaye gaban madubi har barci ya ɗauke ta cikin kayan ado, kuma da ya ce a nan za su zauna amsarta ita ce a yi yadda ya so. Ta kuma lura cewa kalmar "ni" ba daga cikinsa ta ɓullo ba, a littattafan da wasu suka rubuta ya tsince ta, a gidan da wasu suka gina, kamar yadda wayoyin da ya yi gwaji da su ma wasu ne suka bari a ramin. Idan daga gidan masu addini ta fito, kamar miliyoyin ɗaliban Amurka, za ta tsaya a babi na 11 inda jarumin ya ɗaga kalmar "ni" zuwa matsayin abin bauta, domin Rand ba ta yarda da samuwar Allah ba kuma da gangan ta ari harshen ibada, tun daga sunan littafin da ke nufin waƙar yabo har zuwa jimlarsa ta farko da ke kiran rubutun zunubi. Masu kare Rand suna da amsoshi, kuma ba na banza ba ne. Za su ce yarinyar da ƙafarta ta bar birnin ta shiga daji ba wanda ya ja ta, za su ce jarumin bai ƙi mutane ba tunda ya ce zai zaɓi abokai waɗanda ba bayi ba kuma ba iyayengiji ba, har yana shirin komawa ya ɗauko abokinsa mai zane, za su ce karɓar ilimi daga magabata ciniki ne tsakanin hankula ba miƙa wuya ba. Muhawara ce ta gaske, irin wadda ɗaliba mai kaifin basira za ta iya shiga. Amma kalmomi 1,200 ne iyakarta, ta karanta ƙa'idar da ke maganar fahimtar ma'anar falsafar littafin, kuma ta san sunan wanda ke kan takardar kyautar. Babu wanda ya hana ta rubuta shakkunta. Lissafi ne kawai zai gaya mata cewa sakin layin da ta kashe a kan madubi da sunan Gaea sakin layi ne da ba ta kashe wajen nuna ta gane saƙon ba.

A ganina a nan ne ainihin tasirin gasar yake, kuma ya fi a ce ana cusa wa yara aƙida laushi da wuyar kamawa. Zargin cusa aƙida bai zauna sosai ba, domin cibiyar ta sa sunanta a kan komai, littafin a buɗe yake ga kowa, ɗalibin da ya ga dama kuma yana iya karanta masu sukar Rand, waɗanda ba su da iyaka, a intanet ɗin da ya samo tambayoyin. Idan aka kwatanta da abin da ya faru a matakin jami'a, inda gidauniyar bankin BB&T a zamanin shugabancin John Allison ta ba jami'o'i da dama tallafi bisa sharaɗin a koyar da Atlas Shrugged, har malamai a wasu wuraren suka yi ƙorafin cewa mai kuɗi yana tsara musu manhaja, gasar insha'i ta fi sauƙin karewa. Ba ta sayi manhaja ba, tayi ta yi. Ƙungiyoyi masu aƙidu iri-iri a Amurka, na tsofaffin sojoji da na addini da na kare muhalli, duk suna shirya gasa irin wannan, kuma kowace tana saka wa wanda ya fi kusa da abin da take so ta ji. Bambancin wannan shi ne cewa abin da take yabo shi ne ƙin neman yardar kowa. Matashin da ya rubuta insha'i mai zafi a kan cewa bai kamata mutum ya jira amincewar majalisa ba, alhali ya auna kowace jimla da abin da yake zaton alƙalai za su so, ya yi wa littafin biyayya a baki ya saɓa masa a aiki, kuma mai yiwuwa ne bai ma lura ba.

Nauyin da ya rage yana kan malamin aji, domin shi ne kaɗai a cikin wannan sarƙa wanda ba ya neman kyauta kuma ba ya yaɗa aƙida. Shi ne zai iya raba makin aji da sakamakon gasa, ya gaya wa ɗalibai ƙarara wace ce ta aiko da littattafan da abin da take so, ya ajiye Anthem kusa da wani rubutu da ke kallon dangantakar mutum da jama'arsa ta wata fuskar, ya kuma ba wa mai shakka damar rubuta shakkarta a wani insha'in da ba za a aika ko'ina ba. Inda malami ya ɗauki jagorar koyarwar da ta zo cikin kwalin ya bi ta daga farko har ƙarshe, ya mai da shiga gasar dole, to cibiyar ce ta kawo littafin, ita ta tsara darasin, ita ta yi tambayar, ita kuma za ta duba amsar.

Bayan an sanar da sakamako, cibiyar takan wallafa insha'o'in da suka zo na farko a shafinta tare da sunayen masu su da makarantunsu. Yawancinsu rubutu ne mai kyau, mai tsari, wanda ya san littafin ciki da waje. Ɗaliban shekara mai zuwa, da malamansu, su ne farkon masu buɗe waɗannan insha'o'i, suna duba yadda aka fara, da wuraren da aka ɗauko hujja, da irin matsayar da aka ƙare da ita, kafin su zauna su rubuta nasu.